Rub da Ciki a Kan Soron Alhaji Ɗantani

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da na yi rub da ciki a kan soron Alhaji Ɗantani a Gwandu ba, ko da tsufa zai kwashe mini komai. Har yau idan na ga mutum ya jingina tsani da bango sai in ji fatar ƙirjina ta ɗau zafi.

A shekarar da aka yanke Kebbi daga Sakkwato aka tura ni can, malamin koyar da fasaha a wata sakandare. Saurayi ne ni a lokacin, ɗan kwatas daga Kaduna, inda gidaje suke jere da rufin kwano, babu katanga tsakaninka da maƙwabci, matar wannan tana wanke-wanke tana gaisawa da mijin waccan. Hausa dai Hausata ce, salla sallata ce, don haka na ɗauka ina sauka daga mota zan shige cikin mutane. Ashe da sauran aiki. Ina buɗe baki sai a yi murmushi a ce, "Malam ɗan Kaduna na." Babu wanda ya wulaƙanta ni, kada in yi musu ƙarya. Ana gaishe ni da kyau, a tambayi gajiya, a tambayi ɗalibai, sannan kowa ya juya ga wanda suke magana da shi kafin in iso.

Ɗakin da na kama yana jikin zauren Alhaji, ƙofarsa tana kallon hanya. Kullum bayan magariba sai a shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan, mazan unguwa kowa a fito masa da kwanonsa daga gida, a haɗa a ci tare. A makon farko Alhaji ya hango ni ya ce, "Malam, bismilla." Ni kuwa sai na yi irin ta mutanen birni, na dafe ciki na ce alhamdu lillahi na ƙoshi, ina jiran a maimaita. (A gidanmu sai an yi wa baƙo tayi har ya gaji da ƙi kafin ya sa hannu.) Alhaji ya ce madalla, ya juya ga tuwonsa. Mutumin kirki ne, ya yarda da maganata, kuma bai sake tayar da ita ba.

Haka na zauna wata da watanni. In kunna risho in dafa taliya, in ci a tukunya ina tsaye. Rediyo ne abokin hirata, shi ma nakan rage masa murya don in ji dariyar da ake yi a tabarma, in yi tawa ni kaɗai ba tare da na san abin da aka faɗa ba. Ban nemi komai a garin nan ba illa a sake ce mini bismilla. Abin ya yi ƙanƙanta a faɗa, amma shi nake kwana da shi, shi nake tashi da shi.

Ana nan cikin bazara sai 'yar Alhaji ta haihu, haihuwar fari, ta dawo gida wankan jego. Aka sauke itace a ƙofar gida, tuli guda har ya kusa rufe mini taga. Safe da yamma sai an tafasa ruwa a ƙatuwar tukunya, kuma haka za a yi har arba'in. Ina kallo tulin nan yana narkewa, ina jin Alhaji yana faɗa wa mutanen tabarma cewa itace ya yi wuya, sai an yi nisa cikin daji kafin a samu. Sai na ɗaga kai na dubi rana, wadda take gasa mu kyauta tun hantsi, na ce a raina: ga ƙofata ta buɗe.

A makarantar horon malamai an koya mana yadda ake ɗumama ruwa da zafin rana. Akwati ne na katako mai faɗi, a shimfiɗa kwano a ciki a shafe shi da baƙin fenti, a jera bututun ƙarfe a kansa, a rufe da gilashi. Sai a haɗa shi da duro wanda ya fi shi tudu, ruwan sanyi ya gangaro ta ƙasa, idan ya yi zafi ya hau da kansa ya koma cikin duron. Babu inji, babu wuta, babu kananzir. Na yi wa Alhaji wannan bayani a tsaye a zaure, har da zane a ƙasa da tsinke. Ya saurara yana jan carbi, sannan ya ce, "Wai rana ta dahwa muna ruwa? To, Malam, ga soro nan. Kada dai ka ɓarke muna rufi." Ni a kunnena wannan magana daidai take da an naɗa ni sarauta.

Aikin ƙarfen a Kalgo na kai shi. Akwai masu walda da suka fi kusa, amma na ji labarin wani Mani a can wanda ya taɓa zama a Kaduna, sai na ɗaure bututu a bayan babur na kama hanya. Mani ya san unguwarmu, ya san mai tsiren bakin kasuwarmu, kuma idan yana magana da ni yakan dube ni. Aikin da zai ƙare a zuwa ɗaya sai na rarraba shi, yau in kawo duro, wata Asabar ɗin in ce na manta famfo. Ina jin ya gane, don wata rana ya ce, "Malam, ko babu aiki kana iya zuwa, benci ba ya ƙarewa." Na yi dariya na ce aiki ne ya kawo ni, amma a hanyar komawa idona ya yi ta kawo ruwa, na ɗora wa iska laifi.

A fannin kiyaye haɗari kuwa, ban bar komai ba, kuma ina so a rubuta mini wannan. Na san duro cike da ruwa ya fi ƙarfin tsakiyar soron ƙasa, sai na ɗora shi a kusurwa, inda bango biyu suka haɗu, a kan katakai masu kauri. Na cika bayan akwatin da buntun shinkafa don kada zafi ya gudu ta ƙasa, na naɗe duron da buhunan algarara. Na bar ɗan bututu a sama don tururi ya samu mafita. Idan ina aiki nakan rufe gilashin da buhu, domin bututun da ya sha rana babu ruwa a ciki yana iya toye hannu, kuma in ka kwara masa ruwan sanyi a haka ka jawo wa kanka asara. Akwatin kuma na kishingiɗar da shi kaɗan yana fuskantar kudu, yadda zai sha rana tun safe har yamma. Kudu da soron nan kuwa tsakar gidan Alhaji ne. Duk wanda ya tsaya a bayan duron, gidan gaba ɗaya yana shimfiɗe a gabansa, har da kewayen da ba shi da rufi.

Duk ranar da zan hau, Alhaji yakan leƙa ta ƙofar ciki ya ɗaga murya, "Ku na ciki! Malam za shi hau bisa!" Yanzu ko yaron goye a Gwandu ya san ma'anar wannan: namiji zai hau sama, mata su shige ɗaka. Magini ba ya hawa yaɓe, mai gyaran indararo ba ya taka tsani, sai an yi wannan shela. Ni ɗan kwatas, da na tashi inda babu abin da katanga take ɓoyewa, sai na ɗauka talla Alhaji yake yi mini. Ina hawa sai in ga tsakar gida wayam, babu kowa sai kaji, in ce a raina kunya ce, suna nan suna leƙena ta labule. Saboda haka nakan ɗauki lokacina. In goge gilashin da ya riga ya goge, in ja da baya in riƙe ƙugu in dubi aikina, in ɗora tafin hannu a goshi kamar mai auna rana. Har fito nake yi, Allah ya yafe mini.

Abin kuma ya yi aiki! Na zuro bututu ta jikin bango zuwa tsakar gida, aka sa famfo. Ruwan ba ya tafasa, amma da yamma ba ka iya barin hannu a ciki, itace kaɗan ake ƙara masa ya kai yadda masu jego suke so. Alhaji ya ce, "Lalle Malam ka yi ƙoƙari." A daren nan ban kunna risho da wuri ba. Na sa riga mai kyau na zauna a bakin ƙofa ina gyara igiyar takalmin da ba ta lalace ba. Aka fito da kwanuka, aka ci, aka sha hira, aka watse. Na ce ba komai, gobe ma rana ce.

Ranar da abin ya faru, mazan unguwa duk sun tafi ɗaurin aure garin Dodoru. Tun da safe na ga suna cika motar a-kori-kura, manyan riguna sai ƙamshin turare, Alhaji ya ɗago mini hannu ya ce a yi mana tsaron gida. Unguwa ta yi tsit. Bayan la'asar na fito shan iska, sai na ga ruwa yana ɗiga daga indararon soron. A bazara, sama ko gajimare babu. Nan take na san wani mahaɗin bututu ne ya saki, kuma soron ƙasa ba ya shiri da ruwan da ya kwanta masa. Na tuna "kada ka ɓarke muna rufi." Na suri sifana da tsumman roba, na jingina tsani, na haye. Ban yi sallama ba, ban yi gyaran murya ba. Mai yi mini talla ba ya nan, ni kuma ban ga dalilin da mutum zai tallata kansa ba.

Na zagaya bayan duron na miƙe tsaye. Karo na farko tun da na fara hawa, tsakar gidan cike yake da mutane. Wallahi abin da idona ya kama shi ne tururi, da turmi, da wata tsohuwa a bakin kewaye riƙe da damin ganyen dogon yaro yana ɗigar da ruwan zafi. Inna Kulu ke nan, yayar Alhaji, wadda take yi wa mai jegon wanka. Abin takaicin shi ne, a daƙiƙar farko daɗi na ji. Na ce yau dai sun fito. Har na ɗaga hannu da sifana zan gaishe su.

"La'ilaha illallahu! Namiji bisa soro! Ku shige ɗaka!"

Inna Kulu ce, kuma ban taɓa jin murya irin wannan daga jikin mutum ɗaya ba. Taɓarya ta faɗi, kwanuka suka kife, kaji suka tashi sama, zannuwa suka yi ta ko'ina, jariri ya tsala kuka. A nan take, ba tare da kowa ya yi mini bayani ba, na gane abin da Alhaji yake faɗa kullum a ƙofar ciki. Na ja da baya a gigice, dunduniyata ta bugi kan tsanin, na ji shi yana zamewa a hankali a jikin bango, sannan ya kwanta a ƙasa, rim.

Ba a jima ba Inna Kulu ta zagayo ta zaure, ta tsaya a hanya ta ɗago kai, ganyen yana hannunta har yanzu.

"Kai ɗan Kaduna, mi kaka nema bisa soron mutane, ba sallama ba komi?"

Na ce, "Inna, don Allah ki yi haƙuri, bututu ne yake yoyo. Ki taimaka ki ɗaga mini tsanin."

Ta dubi tsanin, ta dube ni. "Ba ni tada shi. Nan za ka zamna har maigida shi dawo shi ishe ka da idonai. Kuma kihe cikinka ƙasa, mata na da aiki."

Na kife. Me zan yi? Soron ya yi tsayin da ba a dirowa, gardama kuma ba ta kama ni ba. Na lallaɓa da ciki na ɗaure mahaɗin da yake yoyo ina runtse da ido (wannan ma a rubuta mini), sannan na kwanta rub da ciki kusa da akwatina, fuska a cikin hannuwa. Soron ya sha rana tun safe, ni kuma baƙar riga ce a jikina. Abin da nake koya wa ɗalibai a allo, cewa baƙin abu ya fi kama zafi, ranar na tabbatar da shi da bayana. Ƙasa tana gasa ni ta ciki, rana tana gasa ni ta baya, duron yana ɗan ƙugi a gefena kamar yana dariya.

Can ƙasa rayuwa ta ci gaba. Aka koma daka, aka lallashi jariri, wata ta ce wani abu ƙasa-ƙasa, sauran suka fashe da dariya suna toshe baki. Zafin bai dame ni kamar tunanin da ya zo mini ba. Na lissafa mutanen duniya da za su lura idan ban sauko ba, na rasa ko ɗaya a garin nan. Ɗakina yana ƙarƙashina a buɗe, rediyo yana magana shi kaɗai. Mani yana Kalgo, uwata tana Kaduna tana gaya wa maƙwabta ɗanta babban malami ne a ƙasar Kabi. Na yi kuka a kan soron nan, kaɗan dai, kuma bai daɗe ba ya bushe.

Ana kiran magariba motar Dodoru ta dawo. Na ji Inna Kulu tana ba da rahoto tun kafin a kashe inji. Aka jingina tsani, na sauko da baya, fuska da riga duk jar ƙasa, a gaban dattawan unguwa cikin manyan riguna. Alhaji ya miƙo mini buta da kansa, muka yi salla, sannan ya ce, "Malam, taho nan." Ya nuna mini tabarma.

Tabarmar nan dai da na yi wata da watanni ina mafarkinta. Ga ni a kanta, a tsakiya ma, kowa yana kallona.

Alhaji bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malam, kullum in za ka hau, ba ka jin ina hwaɗa ma na ciki?"

Na ce ina ji.

"To mi kaz zata nika yi?"

Da ina da wayo da na ce mantawa na yi. Amma rana ta dafa mini ƙwaƙwalwa, sai gaskiya ta zubo. Na ce, "Na zaci sanar da su kake yi, su leƙo su ga aikin."

Sai wani dattijo a gefe ya fara wani irin tari, ya rufe baki da hannun riga, kafaɗunsa suna rawa. Alhaji ya dube ni ya ce, "Su leƙo. Malam, mata na cikin ɗaki cikin zahin ga, ga mai jego ga jinjiri, tuwo bisa wuta, suna jiran ka sauka, kai kana bisa kana hito. Tun da kaf fara aikin ga ba mu ci tuwo kan lokaci ba."

Wannan ta fi kwanciyar soro ciwo. Ashe duk tsayuwar da nake yi ina riƙe ƙugu, kaji kaɗai ke kallona.

Aka yanke shawara a gabana kamar ba na wurin. Abin yana da amfani, itace ya ragu, amma ba zai yiwu a riƙa kulle mata a ɗaka duk ranar da za a cika duro ko a duba bututu ba. A sauko da shi ƙasa, a gina masa dakali a tsakar gida inda rana take faɗa, mata su riƙa cika shi da kansu. Ana gama magana na hango kwanuka an jere su a bakin zaure, a rufe, ana jira. Na ɗan gyara zama. Alhaji ya ce, "To Malam, ka sha rana, je ka huta. Sai da sahe." Na tashi. Ban kai ƙofata ba na ji ana buɗe murafe.

Washegari aka sauko da akwatin da igiya. Na tsaya a zaure na yi wa Alhaji bayani, ya fuskanci kudu, duro ya fi akwati tudu, kada a toshe bututun tururi, shi kuma ya shiga ya maimaita. Na ga an wuce da shi ta ƙofar ciki, mutum huɗu suna riƙe da shi a hankali ana cewa a kula da gilashi. Akwatina ya samu shiga gidan Alhaji Ɗantani, ni ban taɓa wuce zaure ba har na bar Gwandu.

Da yammacin ranar ina zaune a ɗaki, ƙofata a buɗe, na ji an tsaya nesa kaɗan an ɗaga murya yadda duk unguwa za ta ji: "Kai na ciki! Tsohuwa za ta shigo!" Inna Kulu ce, da bokiti. Ta dire shi a bakin ƙofa yana tururi, ta dubi goshina da ya saɓule, ta ce, "Ka gani? Haka aka yi. Bai da wuya." Ta juya abinta.

Ruwan zafi, a tsakiyar bazara, ga wanda rana ta toye jiya. Haka ta riƙa kawowa kullum har aka yi arba'in, kullum kuma sai ta yi shelar nan, mutanen tabarma suna dariya. Ni kuwa ban taɓa zubar da shi ba, ban ma taɓa sirka shi sosai ba. In shiga kewaye in yi wanka da shi ina gumi ina cije baki, don shi ne abu ɗaya tak da aka taɓa aiko mini daga wani gida a garin nan.

Na ɗora akwatuna irin wannan da yawa bayan haka, kuma ina koya wa masu koyo duk ƙa'idojin: nauyin duro, zafin bututu, ɗaurin tsani. Amma kafin su taka matakala ta farko sai na sa sun tsaya sun ƙwala kira, ko da gidan kango ne. Sannan in ƙara musu da ɗaya wadda ba ta cikin littafi: idan aka ce muku bismilla, ku wanke hannu tun a ta farko.